So, Ƙauna, Soyayya da Bege: Amsoshin Tambayoyin Matasa Masu Rubutu

Tambayoyin wannan mako yawancinsu daga 'yan makaranta suka fito, masu rubuta gajerun labarai da waƙoƙi a bayan littafin darasi ko a waya, sai guda ɗaya daga wani uba. Na taƙaita kowace tambaya, na kuma cire sunaye.

Daga wata ɗaliba a Zariya: Malam, na rubuta labarin wani yaro da yake son wata 'yar unguwarsu, ita kuwa ba ta ma san yana yi ba. Na ce "soyayyarsu ta yi ƙarfi", sai malamarmu ta Hausa ta ja layi da jan biro, ta ce wannan ba soyayya ba ce. Ashe so da soyayya ba abu ɗaya ba ne?

'Yata, malamarki ta yi gaskiya, kuma hujjarta tana cikin ginin kalmar. Dubi ƙarshenta, wato "-ayya", sannan ki jera ta da 'yan uwanta: ja da jayayya, ƙi da ƙiyayya, aure da auratayya, ciniki da cinikayya, tara da tarayya. Mutum ɗaya ba ya jayayya, sai da wanda zai ja ɗaya bakin igiyar. Gida ɗaya ba ya auratayya da kansa. Akwai 'yan kalmomi irin su biyayya da suka kauce wa wannan tsari, amma soyayya ba ta cikinsu. So ne mai tafiya ya dawo, shi ya sa ake ce mata gamon jini, jini biyu ne suka gamu. Yaron labarinki yana da so, soyayya kuwa sai ranar da yarinyar ta amsa.

Shi so kalma ce mai faɗin gaske. Da ita ake son tuwo, da ita ake son uwa, da ita ake cewa katanga tana so ta faɗi. Har Bahaushe ya ce so duka so ne, amma son kai ya fi. Ƙauna ta fi shi nauyi da natsuwa, tana tafe da tausayi da fatan alheri, shi ya sa mai roƙo yake cewa "don ƙaunar Allah". Akwai kuma sa rai a cikinta, abin da marubuta da yawa ba su lura da shi ba. Idan aka ce mutum ya yanke ƙauna, ba ƙin wani ya yi ba, ya daina tsammani ne. Saboda haka in kika rubuta cewa yaron nan yana ƙaunarta, kin gaya mana abu biyu a lokaci guda, yana yi mata fatan alheri kuma bai fid da rai ba.

Amma kalmar da labarinki ya fi buƙata ita ce bege. Bege so ne na wanda ba ya kusa, son da ke sa mutum yawan ambato. Da wannan kalma sha'irai suke kiran waƙoƙinsu na yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, don haka kalma ce mai daraja, ba a jefa ta ko'ina. Ta bambanta da kewa, domin kewa sai wanda aka saba da shi ya yi nisa, bege kuwa ana yin sa ko ba a taɓa zama tare ba. Shauƙi da muradi da kuke yawan sakawa a waƙa daga Larabci muka aro su, sun kuma zauna daram a Hausa, ki yi amfani da su ba tare da ɗar-ɗar ba.

Wata shawara da ba ki tambaya ba. In kin zo wurin da yarinyar za ta fara amsawa, kada ki yi saurin sa mata "ni ma ina sonka" a baki. Ki tuna yadda zance yake a unguwa. An aiko ƙaramin yaro ya ce wai ana sallama da wance, ta ɓata lokaci kafin ta fito, ta tsaya a bakin zaure kanta a sunkuye tana murza gefen mayafi, duk abin da aka faɗa ta ce "to". Da za a tafi sai ta ce a gaida su Umma. Mai karatu Bahaushe ya gama fahimta, don ya san labarin zuciya a tambayi fuska.

Daga wani saurayi a Maraɗi: Malam, na yi wa wadda nake nema baiti, na kira ta "tauraruwa mai wutsiya" don na ga ita ce ta fi sauran taurari ban sha'awa. Tun ranar ba ta amsa mini saƙo. Mene ne laifina?

Ɗana, rabin magana ka ɗauko ka bar rabin, ita kuwa ta san cikon. Cewa ake yi tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba. Mutanen da suna ɗaukar fitowarta alamar wata musiba, fari ko yaƙi ko rasuwar babban mutum. Masana taurari sun nuna dunƙulen ƙanƙara da ƙura ne mai zagaya rana, kamar wadda ake kira Halley, da ta bayyana a 1986 kuma take dawowa bayan kimanin shekara 76. To amma ilimi bai goge karin maganar daga bakin mutane ba, har gobe da ita ake yi wa mai kawo fitina habaici.

In sama kake so ka ɗauko kwatance, akwai na yabo. Akwai Zara matar wata, tauraruwar nan mai haske da ake yawan gani kusa da jinjirin wata bayan magariba, wadda Larabawa ke kira Zuhura. Akwai farin wata sha kallo. In ka sauko ƙasa akwai son kowa ƙin wanda ya rasa. Ka je ka ba ta haƙuri da bakinka, ka gaya mata ba ka san cikon ba. Nan gaba kuma duk karin maganar da za ka sa a waƙa, ka fara karanta wa wata tsohuwa a gidanku, in ta ƙarasa maka ita sai ka ji ko ta dace.

Daga wata ɗaliba a Kano: Malam, wani ɗan ajinmu yana ta rubuta mini waƙoƙi. Na ce masa ba na so, karatu ne a gabana. Yanzu ya koma sa su a Facebook da cikakken sunana. Da ƙawata ta yi masa magana sai ya ce ai mai son ɗan tsuntsu shi ke bin sa da jifa. Haka karin maganar take nufi?

A'a, 'yata, ba haka take nufi ba, kuma raina ya ɓaci da jin an mai da ita sandar dukan wanda ya ce ba ya so. Ma'anarta ita ce mai buƙata shi ke tashi ya nema, ba ya zama a kawo masa. Ana faɗa wa ɗalibin da ke son ilimi amma yana ƙyashin zuwa wurin malami, ko ɗan kasuwar da ke jiran mai saye ya biyo shi gida. Ana faɗa wa saurayi ma, in yana jin nauyin zuwa ya gabatar da kansa. Iyakarta ke nan, ta ba shi izinin ya nema, ba ta ɗauke wa wadda ake nema 'yancin ta ce a'a ba. Ya ma duba hoton da ke cikin maganar da kyau. Magana ce ta maharbi, kuma tsuntsun da jifa ya samu ba ya tashi da lafiyarsa.

Karin magana ba ta tafiya ita kaɗai, kowace tana da 'yar uwa mai taka mata birki. Hausawan da suka faɗi waccan su ne suka ce son maso wani ƙoshin wahala, kuma a bakinsu ake jin cewa ba a so dole. Wanda ya riƙe guda ɗaya ya yi watsi da sauran, son zuciyarsa yake bi, ba hikimar magabata ba.

Batun sunan kuwa shi ya fi damuna. A al'adarmu ɓoye suna alamar daraja ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, matar zamanin da kuma ba ta faɗin sunan mijinta, sai ta ce maigida ko Malam ko baban wane. 'Yan mata a dandali, in suna waƙar gaɗa, sau da yawa da laƙabi ko da siffa suke nuna wanda suke nufi, wanda ya sani ya sani. Har zaurance yara suka ƙirƙiro, suna cusa gaɓa a tsakiyar kalma ko su juya ta, don magana ta tsaya tsakanin mutum biyu. Wannan alkunya ita ce gishirin waƙar so a Hausa. Wanda ya ɗauki sunan yarinya ya baza a intanet bayan ta ce ba ta so, tallar ta ya yi, kuma ya san yadda unguwa take da baki. Ki adana hoton abin da ya wallafa, ki nuna wa mahaifiyarki ko yayarki ko wata malama da kika yarda da ita, tun yau. Ba ki yi laifin komai ba.

Shi kuma, in yana karanta wannan, ɗana, baiwar waƙa da Allah Ya ba ka gaskiya ce, ba na raina ta. Ka goge sunan, ka bar yarinyar mutane ta yi karatunta.

Daga wani uba a Katsina: Malam, na tsinci littafin rubutun 'yata mai shekara 16 cike da waƙoƙi, a bangon ta rubuta "so aljannar duniya". Karin magana ce ta gargajiya ko ta 'yan zamani? Kuma ina tunanin in ƙona littafin.

Alhaji, ginin maganar irin na karin magana ne sak, a ambaci abu sannan a ba shi suna, kamar haƙuri maganin zaman duniya, kwaɗayi mabuɗin wahala, so hana ganin laifi. Yau dai duk wanda ya ji ta, littafin Hajiya Hafsat Abdulwaheed mai wannan suna yake tunawa, wanda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga a 1980, kuma ake ɗaukarsa ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Bayansa ne, daga tsakiyar shekarun 1980, littattafan soyayya suka cika kasuwa, har aka laƙaba musu adabin kasuwar Kano, aka kafa ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama. An yi ta ce-ce-ku-ce a kansu, har a 2007 aka ƙona wasu a bainar jama'a a Kano. Rubutun bai tsaya ba, ya koma rediyo da waya. Mata da yawa kuma a waɗannan littattafai suka goge da karatun boko, kuma tun 2016 sashen Hausa na BBC yake shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata zalla.

Damuwarka ta uba ce, ba na ganin laifinta. Sai dai a ganina ƙonawa ba za ta kashe abin da ke ranta ba, za ta koya mata ɓoyewa ne kawai, ta koma rubutawa inda idonka ba ya kaiwa. Yarinya mai shekara 16 da ta zuba abin da ke damunta a takarda ta zaɓi hanya mafi kamun kai da take da ita. Ka mayar da littafin inda ka same shi. Ka sa mahaifiyarta ko wata gwaggonta da suke shiri ta zauna da ita cikin raha, ta ji ko akwai wani a bayan waƙoƙin, ko kuwa gwajin alƙalami ne, don sau da yawa babu kowa. In akwai, kun sani da wuri, kuma ta ƙofar gida kuka sani.

Daga wata mai zanen lalle a Kaduna: Malam, ƙawayena suna sa ni in zana musu hoton zuciya da harafin farko na wani suna a tafin hannu. Ina so in rubuta labari a kan haka. Lalle zan ce, ko ƙunshi, ko zane?

Lalle shi ne tsiron da garin ganyensa. Ƙunshi daga ƙunsa ya fito, domin a da kwaɓa lallen ake yi a shafa, a naɗe ƙafa da ganye da tsumma, hannu kuma a zura shi a zunguru, a kwana da shi. Abin da kike yi da ɗan ƙoƙon leda mai tsini zane ne, ko da yake mutane sun saba kiran duka ƙunshi, kuma ba kuskure ba ne. Ki yi hattara da baƙin da ake haɗawa da maganin rina gashi, yana ƙona fatar wasu har ta yi ƙuraje.

Wurare biyu za ki kiyaye a labarin. Zuciya a Hausa ba gidan so kaɗai ba ce, in aka ce wance ta yi zuciya, fushi ta yi. "Zuciyata ta karye" kuma asalinta karaya ce ko tausayi, kamar wanda ya ga maraya yana kuka. Ma'anar rabuwar masoya da ake ba ta yanzu daga fassarar finafinai da Turanci ta shigo. In an yaudari yarinyar labarinki, ki ce ya juya mata baya, ko abin yana cin ranta. Na biyu, "an sa ta a lalle" maganar biki ce, amarya ake sawa a lalle. In kwalliyar Sallah kike nufi, ki ce an yi mata ƙunshi.