Hukuncin Gayyatar Masu Rubuta Manhaja Su Yi Aikin Sa Kai

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Jihar Gombe. Ina neman masu rubuta manhaja mu haɗu mu ƙera manhajar aika saƙo daga waya zuwa waya, ba tare da saƙon ya bi ta saba, wato babbar kwamfutar wani kamfani, ba. Sha'awa ce kawai, ba ni da abin biyansu. Ya halatta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗana, aikin ya halatta, domin asalin abubuwan amfani halacci ne. Irin wannan manhaja, kamar Briar wadda ke iya isar da saƙo ta Bluetooth ko da babu intanet, tana da amfani bayyananne. Wanda ya tuna katse layukan waya a Zamfara a shekarar 2021 ya san haka. Tsoron kada miyagu su fake da ita bai isa ya haramta ta ba, kamar yadda Imam Ƙarafi, malamin Malikiyya, ya bayyana cewa ba a hana shuka inabi don gudun a yi giya da shi. Sai dai idan wani ya zo maka kuma ka san ɓarna yake nufi, to haramun ne ka taimaka masa, bisa aya ta 2 a Suratul Ma'ida.

Abin da ya fi damuna shi ne lafazin gayyatar. Matasanmu sukan ce wa juna, "Zo mu fara, in abu ya yi kyau ba za a manta da kai ba." Wannan magana ba kyauta ba ce, ba kuma ijara (ɗaukar mutum aiki da lada) ba ce, tunda sharaɗin ijara a san lada tun farko. Yaro zai kwana gaban kwamfuta, ya sayi data da kuɗin abincinsa, ya kai caji shago, zuciyarsa na ƙirga rabon da kai ba ka taɓa nufi ba. Buhari ya ruwaito cewa cikin mutum 3 da Allah zai yi husuma da su ranar alƙiyama akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi lada.

Saboda haka ka faɗa musu ƙarara cewa sa kai ne, babu biya, kuma kowa na iya janyewa. Ku rubuta wanda ya mallaki manhajar, da kason kowa idan wata rana kuɗi ya shigo, ku kafa shaidu kafin a fara. Wallahu a'alam.