Wanne ne na asali, ƙaramin Lincoln ko ƙaton?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena ya turo mini hoton wani ɗan mutum-mutumin Abraham Lincoln, tsohon shugaban Amurka, zaune a kujera, tsayinsa bai kai na yaro ba. Ya ce wai shi ne na asali, ƙaton nan na Washington kwaikwayo ne. Mun yi musu har muka gaji. Ni kafinta ne, ban ga dalilin yin aiki ɗaya sau biyu ba. Don Allah ka raba gardama.
Mai karatu daga Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙanenka ya fi ka kusa da gaskiya, kalmar "kwaikwayo" ce kawai ta yi masa yawa. Abin da ya turo maka samfuri ne, irin wanda masassaƙi kan yi kafin ya taɓa dutse. Kai ma ai ba ka yanka katakon mai tsada sai ka auna ka sake aunawa.

Masassaƙi Daniel Chester French ne ya karɓi aikin mutum-mutumin na zauren tunawa da Lincoln a Washington. A 1915 ya fara da ɗan abu na yumɓu wanda za ka ɗauka da hannu ɗaya, ya ɗaga shi zuwa ƙafa 3, daga nan zuwa ƙafa 7. A waɗannan matakai ne aka yanke komai: yadda kai zai ɗan sunkuya, yadda riga za ta zubo, inda ƙafa za ta tsaya. Yumɓu yana karɓar gyara, marmara kuwa in ka sare ta, ta saru.

Hannayen ne suka fi ba ni sha'awa. An kashe Lincoln tun 1865, don haka French ya dogara da zubin fuskarsa da na hannayensa da wani masassaƙi, Leonard Volk, ya ɗauka a 1860. Ranar da Volk ya je ɗaukar zubin hannayen, hannun daman Lincoln ya kumbura saboda yawan gaisawa da jama'a, Lincoln ya yanko guntun sandar tsintsiya ya riƙe aka zuba. Wannan riƙo bai dace da mutumin da ya ɗora hannu a kan kujera ba, sai French ya sa aka ɗauki zubin nasa hannayen. Duba hoton da kyau: na hagu a dunƙule, na dama a sake.

Da farko ƙafa 10 aka tsara. Da aka gwada da manya-manyan hotuna a cikin zauren da Henry Bacon ya zana, sai aka ga ginin zai haɗiye shi. Aka mayar da shi ƙafa 19.

Ga inda ƙanenka ya ci ka. French ba shi ya sassaƙa ƙaton ba. 'Yan'uwan Piccirilli ne, su shida, 'yan asalin Italiya masu shago a Bronx ta New York. Suka ɗauki samfurin filasta suna auna shi ɗigo bayan ɗigo, suna mayar da awon kan farin marmaran Georgia, gunduwa 28, aka haɗa su a Washington. French ya bi da ɗan gyaran ƙarshe. In yatsun mai aikin kake nema, a ƙaramin za ka same su. Hukuncin sassaƙa siffar mutum kuwa na malamai ne, ba na wannan fili ba.

Duk da haka akwai abin da samfurin bai nuna wa French ba. A ɗakin aikinsa haske daga sama yake saukowa. Da aka buɗe wurin ranar 30 ga Mayu, 1922, hasken ta ƙofa yake shigowa, ya daki daɓe ya taso daga ƙasa, fuskar ta koma kamar ta wanda ya firgita. French ya yi ta kai kuka har aka sa fitilun lantarki a rufin. Samfurin mai ƙafa 7 kuwa yana Chesterwood, gidansa da ke Stockbridge a jihar Massachusetts, wanda yanzu gidan tarihi ne.