Amsa kan dalilin da ya sa ake gudun AfD a Jamus

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa jam'iyyun Jamus suke ƙin kafa gwamnati da AfD, jam'iyyar masu tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa da ke adawa da shigowar baƙi, alhali ita ta zo ta biyu a zaɓen Fabrairun 2025 da kusan kashi 21 cikin ɗari, ko hakan ba danne zaɓin jama'a ba ne. Shekarata tara a Weimar, jihar Thüringen, inda AfD ta zo ta ɗaya a zaɓen jiha na 2024, don haka ba labarin nesa zan ba ka ba.

A layinmu akwai wasu 'yan faranti na tagulla da aka dasa a ƙasa bakin ƙofofi, kowane ɗauke da sunan wanda 'yan Nazi suka kwashe daga gidan. Na yi watanni ina taka su ban san mene ne ba, sai ranar 9 ga Nuwamba na tarar da wata tsohuwa maƙwabciyata a durƙushe tana goge su da tsumma. Sansanin Buchenwald kuwa, inda 'yan Nazi suka tsare mutane suka kashe dubbai, bas ɗin gari ma tana kai ka.

Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne ba ta hanyar juyin mulki Hitler ya hau mulki ba. A Nuwamban 1932 kashi 33 kawai jam'iyyarsa ta samu. 'Yan mazan jiya ne suka lallashi Shugaba Hindenburg ya naɗa shi shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairun 1933, suna zaton za su riƙe masa linzami. Cikin watanni ya haɗiye su. Shi ya sa a nan ba yawan ƙuri'ar AfD ne ya fi tayar da hankali ba, wanda zai buɗe mata ƙofa ake sa wa ido. Wannan ƙin haɗa kai da AfD shi ne katangar da suke kira Brandmauer. A 2020, da aka zaɓi Thomas Kemmerich, ɗan wata jam'iyya daban, firimiyan jiharmu da taimakon ƙuri'un AfD, Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus a lokacin, tana Afirka ta Kudu ta ce abin ba shi yafuwa, kafin mako ya zagayo ya sauka. Jagoran AfD na nan jihar, Björn Höcke, kotu ta ci shi tarar Yuro 13,000 a 2024 don ya furta taken dakarun Nazi.

Ni dai baƙar fata ne, ka san inda zuciyata ta karkata. Amma akwai wani abokin aikina da ya tashi a Jamus ta Gabas zamanin mulkin gurguzu, wanda bayan 1992 ya karanta fayil ɗin da 'yan leƙen asirin Stasi suka tara a kan mahaifinsa, ya ga wani na kusa da gidan ne yake kai rahoto. AfD yake zaɓa. Na taɓa tambayarsa lokacin hutun abinci ko ba ya tsoron tarihi ya dawo, sai ya ajiye kofinsa ya ce shi mulkin kama-karyar da ya sani da idonsa shi ne wanda ake gaya maka wanda ba za ka zaɓa ba.