Tambayi Anti: Masu rubuta soyayyar zamanin da, su ma haka suka rayu?

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka zo: littattafan soyayya da ake gina labarinsu a zamanin da ya shuɗe, da mutanen da ke rubuta su. Na tsamo huɗu.

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Tun da na kalli shirin talabijin na Bridgerton na kamu da karatun littattafan soyayya na zamanin da, masu keken doki da dogayen riguna da rawa a fada. Wani lokaci sai in ajiye littafi in ce lallai wadda ta rubuta wannan ta sha soyayya a rayuwarta. Haka ne kuwa? Daga 'yarki, ɗalibar jami'a.

AMSA: 'Yata, da haka ne da na fi kowa murna. Amma in kika bi tarihin manyan cikinsu, bashi da haraji da ciwon baya za ki fi cin karo da su.

Fara da Georgette Heyer, domin yawancin masu rubuta irin abin da kike karantawa a gonarta suke kiwo. An haife ta a Landan a 1902. Littafinta na farko, The Black Moth, labari ne da ta riƙa ba ƙanenta marar lafiya don ta ɗebe masa kewa, mahaifinsu ya ji ya ce ta rubuta shi. Ya fito a 1921, tana 'yar shekara 19. A 1925 mahaifin ya rasu kwatsam, ɗawainiyar ƙannenta maza biyu ta dawo kanta. A shekarar ta auri wani injiniyan haƙar ma'adinai, ta bi shi har Tanganyika (Tanzaniya ta yau), suka zauna a bukkar ciyawa. Da suka koma Ingila mijin ya buɗe kanti, daga baya ya ce lauya yake so ya zama. Alƙalaminta ne ya riƙe gidan har ya gama karatu.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, littafin da ranta ke so ba na soyayya ba ne. Babban aiki take mafarkin yi a kan gidan sarautar Lancaster na Ingila na ƙarni na 15. Duk lokacin da ta zauna za ta yi, sai takardar haraji ta iso, sai ta ture shi gefe ta rubuta wani na soyayya da ta san zai sayu. Ta rasu a 1974 ba ta kammala ba. Abin da ta bari aka buga a 1975 da sunan My Lord John. Hira da 'yan jarida kuwa ba ta taɓa yarda ba. A 1926 wani littafinta ya fito ana tsakiyar yajin aikin gama-gari, babu jarida babu talla, ya kuma sayu sosai, tun daga nan ta yanke cewa ba ta buƙatar kowa ya san fuskarta. Masoyanta da dama sai a sanarwar mutuwarta suka ji sunan mijinta.

Kathleen Woodiwiss ta Amurka matar sojan sama ce, uwar 'ya'ya maza uku. A Japan, inda aka tura mijin aiki, ta fara gwada rubutu da hannu, abin ya gundure ta. Daga baya ta saya wa maigidan tafireta mai lantarki a matsayin kyautar Kirsimeti, ta kuma zama ita ce mai amfani da ita (wannan dabarar na yaba mata). Rubutun ya kai shafi 600, kamfanoni suka yi ta mayar mata da shi wai ya yi tsawo, har kamfanin Avon ya karɓa ya buga The Flame and the Flower a 1972. Cikin shekara 4 ya sayar da kwafi fiye da miliyan 2. Sai dai ba zan ce ki neme shi ba. Jarumin da fyaɗe ya fara, daga baya aka ce mana soyayya ce. An yi ta kwaikwayon wannan salon shekaru masu yawa kafin masu karatu su ce ya isa.

Ko kakan masu ƙagaggen labarin tarihi, Walter Scott, bai tsira ba. A 1826 kamfanin ɗab'in da yake da hannu a ciki ya rushe, bashin fiye da fam 100,000 ya hau kansa. Ya ƙi a ayyana shi wanda ya tsiyace, ya ce da rubutu zai biya, ya yi ta yi har lafiyarsa ta ƙare a 1832.

Kada kuma ki sa Jane Austen, shahararriyar marubuciyar Ingila, cikin wannan sahu, kamar yadda mutane ke yi. Ita zamaninta ta rubuta, abin da take gani da idonta. Ba ta taɓa aure ba. A Disambar 1802 wani magajin dukiya ya nemi aurenta da yamma ta amince, gari na wayewa ta janye.

TAMBAYA: Hajiya, ni malamin tarihi ne a sakandare. 'Yan matan ajina suna karanta waɗannan littattafai, har wata ta kafa min hujja da ɗaya a cikin aji. In hana su ne, ko akwai tarihin kirki a ciki?

AMSA: Malam, kada ka hana. Yarinyar da ta yi maka gardama da littafi a hannu ta fi wadda ke gyangyaɗi a bayan aji. Ka dai nuna musu inda gaskiya ta tsaya.

A kan tufafi, motocin doki, tituna da ranakun yaƙi, na kirkin cikinsu ba sa wasa. Heyer ta tara littattafan bincike kusan 1,000, tana da kundaye da ta cika da zanen huluna, farashin kaya da karin maganar mutanen lokacin. Bayanin da ta yi na yaƙin Waterloo na 1815 a An Infamous Army, wanda ya fito a 1937, har masana harkar soja sun jinjina masa. Zamanin da aka fi yawan rubutawa a kansa ma gajere ne ƙwarai, daga 1811 zuwa 1820, lokacin da Sarki George na Uku ya samu taɓin hankali ɗansa ya riƙe masa sarauta. Gudun da masoya ke yi cikin dare zuwa ƙauyen Gretna Green shi ma ba ƙage ba ne: dokar aure ta 1753 ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin aure a Ingila sai da yardar iyaye, dokar kuwa ba ta aiki a Sikotlan, ƙauyen kuma yana bakin iyaka.

Ƙaryar a wani wuri take. Masu sarautar Duke, mafi girman muƙami cikin manyan masu sarauta na ƙasa da sarki, a duk Birtaniya a lokacin ba su kai 40 ba, da yawansu sun manyanta, amma a littattafai dubbai ne, kowanne saurayi mai faɗin ƙirji da cikakkun haƙora. Wannan ta ban dariya ce. Mai nauyin ita ce ta doka. Labari yakan ƙare ranar ɗaurin aure, alhali daga ranar dukiyar amarya ta koma hannun miji, in ba danginta sun ɗaure ta da yarjejeniya tun kafin biki ba. Sai a 1870 da 1882 aka yi dokokin da suka bar wa matar aure abinta. Kafin 1857, raba auren da zai ba mutum damar sake wani sai majalisar dokoki ta zauna ta yi doka a kansa, kuma mata 4 kacal suka taɓa samun haka.

Sai kuma tambayar da ba a cika yi ba: daga ina kuɗin waɗannan manyan gidaje suke? Wasu daga gonakin rake na tsibiran Karibiyan, da gumin bayi. Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807, amma bautar kanta sai da dokar 1833. Ke nan ana rawar da ɗalibanka ke karantawa ana bauta. Saboda irin wannan giɓi nake ganin ƙimar Beverly Jenkins, baƙar fata 'yar Detroit da ta yi aiki a ɗakin karatu. Tun daga Night Song a 1994 take rubuta soyayyar baƙaƙen Amurka na ƙarni na 19, malaman makaranta da sojoji da masu tserar da bayi, tana kuma jera littattafan da ta duba a ƙarshen nata.

In akwai masu jin Larabci a ajin, ga Jurji Zaidan, haifaffen Beirut da ya kafa mujallar Al-Hilal a Alƙahira a 1892. Ya rubuta ƙagaggun labarai fiye da 20 a kan tarihin Musulunci, daga cin Andalus zuwa zamanin Haruna Rashid da Shajaratud Durr, sarauniyar Misra. Dabararsa ɗaya ce: ya ƙirƙiro saurayi da budurwa ya jefa su tsakiyar abin da ya faru da gaske, don mai karatu ya bi su ya koyi tarihi. Shi Kirista ne, malaman Musulunci na zamaninsa kuma sun soki yadda ya kawo wasu abubuwa, don haka a karanta shi da littafin tarihi a gefe.

Ka ba su aiki: kowacce ta ciro abu uku daga littafinta ta bincika ko sun faru, sannan ta rubuta shafi ɗaya da muryar baranyar da ke kunna kyandirori a gidan.

TAMBAYA: Anti, gaskiya ne wasu sunayen da ke bangon littattafan nan na bogi ne? Daga ƙanwarki.

AMSA: Ƙwarai kuwa, ƙanwata. Jean Plaidy da Victoria Holt da Philippa Carr duk mace ɗaya ce, Eleanor Hibbert, kowane suna da irin labarinsa. Ta rubuta littattafai kusan 200, ta rasu a 1993 cikin jirgin ruwa tsakanin Girka da Misra. Eloisa James kuwa Farfesa Mary Bly ce, mai koyar da Shakespeare a Jami'ar Fordham a Amurka. Ta ɓoye wa abokan aikinta har sai da kujerarta ta tabbata, sannan ta bayyana kanta a 2005, don ta san kallon rainin da ake yi wa wannan fanni. Jennifer Wilde ma namiji ne, Tom Huff, tsohon malamin makaranta daga Texas.

TAMBAYA: Anti, ina aji uku a karatun likita, amma rubutu nake so. Na ji marubuciyar Bridgerton ta bar karatun likita ta yi arziki, na kuma ji wata ta rubuta littattafai 700. Me zai hana ni?

AMSA: Ni zan hana ki, 'yata, in iyayenki ba su riga ni ba. An ba ki rabin labari. Julia Quinn, marubuciyar Bridgerton ɗin, ta sayar da littattafanta biyu na farko tun kafin ta taka makarantar likita ta Yale. Da ta bar karatun bayan 'yan watanni, tana da kwangila da masu karatu a hannu. Littafin Bridgerton na farko ya fito a 2000, Netflix kuma sai a ƙarshen 2020 ta nuna shi. Ki ƙirga shekarun da ke tsakani.

Mai 700 ɗin Barbara Cartland ce, ta kuma zarce hakan kafin ta rasu a 2000. A kishingiɗe take faɗa sakatariya na rubutawa, ta taɓa fitar da fiye da 20 a shekara guda. Ki karanta uku a jere ki gaya min ko kin iya bambance su. Heyer ma ta zarge ta da kwasar mata sunaye da jarumai, ko da yake maganar ba ta kai kotu ba.

Wadda nake so ki duba ita ce Diana Gabaldon. Tana koyarwa a jami'a a Arizona, da digirin digirgir a fannin kimiyya da ƙananan yara uku, ta fara Outlander a 1988 cikin dare don gwaji kawai. Ba ta taɓa zuwa Sikotlan, inda ta gina labarin, ba a lokacin, daga ɗakin karatun jami'a ta haƙo komai. Littafin ya fito a 1991, ba ta ajiye aikinta ba sai bayan haka.

Ki riƙe karatunki, ki ware awa ɗaya kullum. Ki zaɓi gari ɗaya da shekara ɗaya, ki san me ake sawa, wa ke gadon wa, da kwana nawa tafiya ke ci daga can zuwa gari na gaba. In kin kai babi na uku ki turo min, amma ki sani abin da zan fara dubawa shi ne ranar da wasiƙar jarumarki ta tashi da ranar da ta isa hannun saurayin.