Amsa ga 'yar'uwa mai sayar da atamfa: alat ba kuɗi ba ne

Wa'alaikumussalam. 'Yar'uwa, Allah Ya mayar miki da mafi alheri. Idan na fahimce ki, wata ce ta tuntuɓe ki a Instagram, ta zaɓi atamfa turmi shida, ta turo miki rasit, saƙon alat ya shigo wayarki, kika kai kaya tasha kika ba direba, sai da dare kika buɗe asusu kika tarar babu abin da ya shigo. Kina tambaya ko akwai abin yi yanzu, da kuma yadda za ki kare kanki nan gaba.

Ni sana'ata POS ce a nan Kano, kuma na daɗe a cikinta, don haka irin wannan ba baƙon abu ba ne a wurina. Abin da kika gani a waya ba daga banki ya fito ba. Akwai hanyoyin tura saƙo da yawa a intanet da ke ba mutum damar rubuta sunan da ya ga dama a matsayin mai aikowa, sai saƙon ya faɗo cikin jerin saƙonnin bankinki na gaskiya. Shi kuwa rasit, hoto ne kawai, yaro ma zai iya sauya suna da adadin kuɗi a jikinsa. Shaida ɗaya ce tak: ki buɗe manhajar bankinki da hannunki, ko ki danna lambar USSD, wato irin wadda ke farawa da * ta ƙare da #, ki ga kuɗinki sun ƙaru. In ba su ƙaru ba, ba a biya ki ba, ko da rasit goma aka turo.

Kuma na tabbata an gaggauta ki. Za a ce mota ta kusa tashi, ko biki jibi ne, ko "netwok ne, Hajiya, zai shigo, ai kin ga an cire min". Wani ma har fushi zai yi, ya ce kin mai da shi ɓarawo. Mu kuma kunya ta yi mana yawa, ba ma son a ce mun tuhumi mutum, kuma da wannan kunyar suke cin abinci. Gaskiya ne netwok kan riƙe kuɗi, ina ganin haka kullum, amma mai saye na kirki zai jira. Ki rubuta a saman shafinki cewa kaya ba sa fita sai kuɗi sun zauna a asusu, ki yi wa kowa haka, har 'yar gidanku, don kada wata ta ga kamar ita aka ware.

Game da kayanki, ba zan ɓoye miki ba, dawo da su da wuya. Tunda babu kuɗin da ya motsa, banki ba shi da abin da zai tare. Hanyar da ta rage ita ce tasha. Ki koma wurin direban tun bai manta ba, ki ji a ina ya sauke, wa ya karɓa, da wace lamba aka kira shi. Shugabannin tasha kan taimaka idan aka je musu cikin mutunci. Kada ki goge hirarku, ki ɗauki hotonta duka tare da rasit ɗin da sunan shafin, ki kai wa 'yan sanda. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da NIN, saboda haka lamba tana iya kai wa ga mutum, duk da cewa da yawansu da layin da aka yi rajista da sunan wani suke aiki.

Akwai wata damfarar da ta fi wannan muni ga masu sayarwa, kuma ita na fi so ki kula da ita, domin a cikinta kuɗi na shigowa da gaske. Ɗan damfara zai kwashi hotunan kayanki ya buɗe nasa shafin. Wata baiwar Allah ta gani ta ce tana so, sai ya ba ta lambar asusunki. A daidai lokacin yana hira da ke a matsayin mai saye. Ita ta biya, ke kin ga kuɗi, kin tura masa kaya. Bayan kwana biyu matar ta ji shiru ta kai ƙara, kuma sunan da ke kan rasit ɗinta naki ne. A rufe miki asusu, a kira ki ofis, ki zama ke ce ake tuhuma. Mu masu POS haka ake yi mana: mutum ya tsaya a gabanka ya ce za a turo masa kuɗi ta asusunka, su shigo, ka ƙirga masa tsaba ya tafi, ashe na wani ne aka yaudara. Na ga wanda jarinsa gaba ɗaya ya maƙale wata da watanni saboda haka. Maganinsa shi ne ki duba sunan wanda ya turo. Idan ya saɓa da na wadda kike hira da ita, ki ce a haɗa ki da mai asusun ku yi magana baki da baki kafin kaya su fita. Haka nan idan wani ya ce ya yi kuskuren turo miki kuɗi, ki mayar ta wani asusu daban, kada ki yi. Ki ce ya bi ta bankinsa.

Tunda lambarki tana kan shafi kowa na gani, ki sa ran kira ma. Za a ce daga banki ne, BVN ɗinki ya samu matsala, a faɗa miki cikakken sunanki har da ranar haihuwarki don ki saki jiki, sannan a ce ki karanto lambar da aka turo miki. Babu ma'aikacin banki da ke da hurumin tambayar lambar OTP, wato lambar sirrin da banki ke turowa don amfani sau ɗaya, ko PIN, ko lambobi ukun da ke bayan kati. Ki kashe wayar kawai. Na WhatsApp kuma salonsa daban: wani zai ce shi ɗan guruf ɗinku ne, za a yi taro da yamma, an turo miki lambobi shida na shiga. Da kin ba shi ya ƙwace WhatsApp ɗin, ya shiga roƙon kuɗi a wurin kwastomominki da sunanki. Ki shiga saituna yau ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Layin da kike karɓar alat da shi kuma ki sa masa PIN, domin ɓarawon waya layin yake nema fiye da wayar. Da *565*0# zai ga BVN ɗinki, daga nan ya fara gwada lambobin bankuna.

Idan, Allah Ya kiyaye, aka taɓa cire miki kuɗi, mintunan farko su ne komai, don kuɗin ba sa kwana a asusu ɗaya. Yawancin bankuna suna da lambar USSD ta rufe asusu daga kowace waya. Ki nemi ta bankinki ki rubuta a takarda. Daga nan ki je reshe ki shigar da koke a rubuce, ki karɓi lambar koken. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, kina da damar kai maganar sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN, kuma EFCC na karɓar irin wannan ƙara.

Wani gargaɗi da na ga ya zama dole: wanda ya yi asara shi aka fi farauta. Bayan wannan rubutu naki za a biyo ki ta akwatin saƙo, wani ya ce zai gano miki matar da ta damfare ki idan kin biya kuɗin aiki, wani ya ce ki zuba abin da ya rage a wata harka ki mayar da asararki cikin wata ɗaya. An sha ganin irin wannan harkar zuba kuɗi: MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. Wata irinta mai suna CBEX ta rushe a Afrilun 2025, hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari kuma ta ce CBEX ba ta yi rajista da ita ba. Kada ki amsa wa kowa a cikin masu biyo ki da irin waɗannan saƙonni.

Ki sanya sunan shafin matar da hoton rasit ɗin a nan, amma ki rufe lambar asusunki, domin akwai masu sayar da kaya da yawa a cikinmu kuma da wuya a ce ke kaɗai ta tuntuɓa. Idan aka samu mutum biyu ko uku da ta yi wa haka, ku haɗu ku kai ƙarar tare, an fi saurin sauraron ta.