Shin kalandar mutanen Maya ta fi ta zamani daidaito?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne kalandar mutanen Maya na Meziko da Gwatamala ta fi ta Miladiyya daidaito. A lissafin shekara dai ba ta fi ba. Ina koyar da lissafi a sakandare, kuma duk sanda maganar nan ta taso nakan sa ɗalibai su ɗauko biro mu buga tare.

Shekararsu, wadda suke kira Haab, kwana 365 ce cif: wata 18 masu kwana ashirin-ashirin, sai kwana 5 a ƙarshe. Ba sa ƙara mata kwana irin yadda ake ƙara wa Fabrairu. Ita kuwa shekarar rana kwana 365.2422 ce, ke nan duk shekara 4 Haab takan zame da kusan kwana guda. Ta Miladiyya, wadda Fafaroma Gregory na 13 ya gyara a 1582, matsakaicinta 365.2425, sai an haura shekara 3,000 kafin ta kauce da kwana ɗaya. Lambar nan 365.2420 da ake ta yaɗawa cewa ita ce tsawon shekarar Maya, wadda da gaskiya ce da ta fi ta Miladiyya kusa da shekarar rana, daga hasashen wani Ba'amurke ta fito, John Teeple, a 1930, kuma masana da dama ba su karɓe ta ba.

Sai dai ni ban ɗauki zamewar Haab a matsayin gazawa ba. Azumi ma yana zagayowa daga bazara zuwa hunturu, ba wanda ya ce Hijiriyya ta yi kuskure. Su mutanen Maya kwanaki suka riƙe, suna ƙirga su ɗaya bayan ɗaya daga ranar da ta yi daidai da 11 ga Agusta, 3114 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Inda suka burge ni ƙwarai shi ne wata. A tsohon birninsu na Palenque da ke Meziko sun lissafa wata 81 a kwana 2,392. Nakan ce wa yara su raba, sai ka ga 29.5309, wato kwanakin wata guda, ta fito a kalkuleta. In na rubuta 29.5306 ta masana yau a allo, hayaniya kan kaure, don tazarar ba ta kai rabin minti ba. Mutanen da ba su da na'urar hangen nesa, sai ido da haƙuri da rubutun kaka da kakanni!

Haka Zara, matar wata. A littafinsu da ke ajiye a Dresden ta Jamus sun ba zagayen fitowarta kwana 584, alhali na haƙiƙa 583.92 ne, kuma sun lura da rarar, don sukan rage kwanaki lokaci-lokaci domin lissafin ya koma daidai da fitowarta.