Amsoshinku: Manhajar koyon tuƙin jirgi da masu sayar da kayan kyauta

Wata uwa daga Shara Mansur, Makka: Malam, ɗana ɗan shekara 15 ya hana ni sakat, wai shi matuƙin jirgin sama zai zama. Yana so in saya masa sitiyarin jirgi da abin takawa na ƙafa, kuɗinsu ya haura riyal 2,000. Abinci nake sayarwa, mahaifinsa kuma ya rasu. Ina tsoron in hana shi in kashe masa zuciya.

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya miki wannan yaro. Ki kwantar da hankalinki, ba sai kin taɓa jarinki ba. Akwai manhaja mai suna FlightGear, kyauta ce, tun 1997 masu sa-kai daga ƙasashe daban-daban suke gina ta, kuma tana aiki a Windows da Linux da Mac. Ya sauke ta daga shafinta na asali, flightgear.org, ya fara da linzamin kwamfuta da madannai. A ciki akwai ƙaramin jirgi Cessna 172, irin wanda makarantun tuƙi da yawa suke fara koyarwa da shi. Ya ɗora jirgin a filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, wanda lambarsa a manhajar ita ce OEJN, ya tashi, ya zagayo, ya sauka. Ki zuba masa ido wata uku. In har bai gaji ba, sai ki saya masa sandar tuƙi guda ɗaya, irin Logitech Extreme 3D Pro. Ana murɗa ta hagu da dama, don haka ta ɗauke masa buƙatar abin takawa. Sitiyari ya jira ranar da ya fara neman na kansa. Abin da zai fi yi masa amfani yanzu shi ne lissafi da Turanci, don da Turanci ake magana da hasumiya a zirga-zirgar ƙasa da ƙasa. Ki kuma kai shi a duba idonsa, musamman bambance launuka, gara a sani tun da wuri.

Wani direba a Riyad: Na ga talla a intanet, manhajar tuƙin jirgi mai jirage sama da ɗari da filayen duniya duka, an yi rangwame zuwa dala 67. In saya?

Kada ka saya, ɗan'uwa. Kuma ku yi mini haƙuri, a nan zan daɗe, don irin wannan wasiƙar ta yi yawa a akwatina.

FlightGear tana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar kwafa, ya gyara, ya raba, har ma ya sayar, muddin bai ɓoye lambobin ginin ba. Wasu sun samu wannan ƙofar sun shige. Sai su ɗauki tsohon zubin manhajar, su canza mata suna, su yi mata kwali mai sheƙi, su watsa talla. Masu FlightGear ɗin da kansu sun daɗe da fitar da gargaɗi a kan wannan ciniki. Ban ga wadda kake magana a kai ba, amma alamomin da ka lissafa su ne dai aka saba gani. Dala 67 a canjin 3.75 ta haura riyal 250, kwana nawa kake a kan titi kafin ka ware wannan? Kamar mutum ne ya tare ka a cikin Harami ya sayar maka da kofin zamzam, ga famfo a bayanka.

Yadda za ka gane su ba wuya. Agogo yana ƙirgawa wai rangwame zai ƙare yau, ka dawo gobe ka tarar bai ƙare ba. Ba adireshin kamfani, ba sunan wanda ya gina, ba zubin gwaji. Masu yabon kayan kuwa duk bakinsu ɗaya, saboda kamasho suke ci a kan duk wanda ya saya ta hannunsu. Ka kwatanta da X-Plane 12: ta kuɗi ce, amma kamfaninta Laminar Research sananne ne, kuma suna ba ka ka gwada kyauta kafin ka biya.

Ba a nan cutar ta tsaya ba. Akwai masu tallar Microsoft Flight Simulator a riyal talatin ko arba'in ta WhatsApp. Galibi asusun wani suke raba wa mutum goma, ranar da mai shi ya canza kalmar sirri an yi waje da kai, wanda ya sayar maka kuma ya toshe lambarka. Na sata wanda aka fasa makullinsa aka zuba a filashi ya fi wannan muni. Kwamfutar da kake shiga Absher, shafin hidimomin gwamnatin Saudiyya, da bankinka da ita, ita za ka buɗe wa manhajar da ba ka san wanda ya cusa mata hannu ba? Ni abin da ke ba ni haushi, mutumin da zai yi rabin awa yana tayin buhun shinkafa a baƙala, shi ne zai tura kuɗi ga baƙon da bai taɓa gani ba don an nuna masa hoton jirgi. Ba a cinikin biri a sama.

Sai kayan ƙarfe. A kasuwannin Haraj da Bat'ha da Sawarik ta Jidda ana samun na hannu masu kyau, ban hana ba, amma akwai katin hoto da ake yi wa dabara ya nuna sunan babban kati alhali ƙarami ne tsoho. Ka je da GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan katin hoto, a filashi ka buɗe a gaban mai kaya, takan tona da yawa daga cikinsu. Ka kunna wasa mai nauyi na minti ashirin, ka sa hannu ka ji zafin, ka saurari fanka. Ma'ajiyar da aka rubuta mata terabayit biyu a kuɗin shawarma uku, manhajar gwaji H2testw za ta nuna maka gaskiyar cikinta. In sabo ne, ka karɓi fatura ka adana. Ma'aikatar Kasuwanci ta wajabta garantin shekara biyu a kan kayan lantarki, akwai manhajar Balagh Tijari da lambar 1900 don kai ƙara, amma ba fatura me za ka nuna? Mutanenmu suna yarda a rage musu harajin kashi 15 a hana su takarda, bayan wata biyu su zo suna salati. Biya kashi-kashi irin na Tabby da Tamara kuwa, bashi ne ko da an sa masa suna mai daɗi, kada ka ci shi a kan abin wasa.

Wani matashi a Madina: Na yi awa 600 a manhaja. Zan iya sa su a takardar neman aiki a kamfanin jirgi?

Haba malam. Awannin da GACA, hukumar sufurin jiragen sama ta Saudiyya, take ƙirgawa su ne na jirgi na gaske da na na'urorin da aka tantance, da malami a gefe. Na ɗakinka ba sa ciki, ko dubu shida ne. Ka sa su a takarda, dariya za a yi a ajiye ta.

Ɗalibar kimiyyar kwamfuta, Jidda: Ina so in shiga cikin masu gina FlightGear, amma kwamfutata tsohuwa ce. Ina da riyal 3,000. Sabuwa zan saya ko kwas zan biya?

Ƙanwata, wasiƙarki ta faranta mini rai. Kada ki biya kwas, bayanan aikin suna nan kyauta. Cibiyar manhajar da C++ aka rubuta ta, amma ba dole daga nan ake farawa ba. Jirage da na'urorin gaban matuƙi yawanci XML ne da wani ƙaramin harshe mai suna Nasal, lissafin yadda iska ke ɗaukar jirgi kuma JSBSim ko YASim ke yin sa. Ki koyi Git, manhajar da ake adanawa da tura gyare-gyare da ita, ki ɗauki jirgi ɗaya, ki nemo maɓallin da ba ya aiki, ki gyara ki tura. In zane ne ya fi jan ki, manhajar zane Blender kyauta ce. Ki duba yadda filin Malam Aminu Kano, DNKN, yake a ciki, ki ga me za ki ƙara. Game da kuɗin, fara da ƙarin RAM zuwa gigabayit 16 da ma'ajiyar SSD, in kwamfutar tana karɓa. In ba ta karɓa, ki nemi mai katin hoto na daban, kada siririyar kwamfuta mai kyan gani ta ruɗe ki, zafin Jidda ba ya raga wa irinsu. Ki lura da data ma, don TerraSync, wani sashe na FlightGear, tana sauko da taswirar ƙasa ne yayin da kike shawagi.

Mai shago a Dammam: Zan saya wa yara ƙaramin jirgi marar matuƙi su koyi tashi a unguwa.

Ka tsaya tukuna. A ƙasar nan sai da rajista da izinin GACA, kusa da filin jirgi kuwa ko da wasa. Ka bincika sharuɗɗan a shafin hukumar kafin ka fitar da riyal ɗaya. In yaran masu son haɗe-haɗe ne, manhajar ArduPilot, ita ma kyauta, tana da tsarin gwaji da ake tayar da jirgin a cikin kwamfuta, su faɗo da shi sau ɗari ba wanda zai buga maka ƙofa.